Gadin rumbun bayanai: abin da nake dubawa a Redshift kafin motoci su tashi

Kamfanin da nake wa aiki a Kano yana rarraba kayan masarufi ga 'yan kasuwa a jiharmu da jihohin da ke maƙwabtaka da mu. Wakilanmu suna shigar da cinikin yini ta manhajar waya. Da dare a tattara komai a zuba a S3, ma'ajiyar fayiloli ta kamfanin Amazon, daga can a loda shi cikin Amazon Redshift, rumbun bayanan da ake haɗa rahotanni a ciki. Da sassafe masu kula da sufuri su buɗe rahoton su ga wane shago kayansa suka ƙare, wace mota za ta bi hanyar Katsina, wace za ta yi Haɗeja. Rumbun kansa ba a Kano yake ba, yana cibiyar Amazon ta yankin Landan. Babu waninmu da ya taɓa ganin injinan da idonsa, kuma babu wanda zai gan su. Lokacin da aka damƙa mini kula da shi, abin da aka ba ni shi ne kalmar sirri, da jerin wasiƙun imel na gargaɗi da suka taru babu mai buɗewa, da umarni guda daga ogana: "Malam, ka tabbata yana lafiya."

Kafin mutum ya ce abu yana lafiya, sai ya san yadda aka gina shi. Redshift, wanda aka buɗe wa jama'a a farkon 2013, ba kwamfuta ɗaya ba ce, gungun injina ne. Akwai jagora guda ɗaya, shi ke karɓar tambayar da aka rubuta da SQL, harshen da ake yi wa rumbun bayanai tambaya da shi, ya tsara yadda za a amsa ta, ya raba aikin. Sauran injinan su ne ma'aikata, a wurinsu bayanan suke, kuma kowanne an kasa shi yanki-yanki, kowane yanki da rabonsa na bayanai da na ƙwaƙwalwa. Namu a lokacin ma'aikata huɗu ne samfurin dc2.large, kowanne da faifai mai gigabait 160 da yanki biyu, wato yanki takwas ke nan gaba ɗaya. Tambaya ba ta kammala sai yankin da ya fi kowa jinkiri ya gama nasa. Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta fi yi mini amfani daga baya.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi, wato matsayin gungun. A shafin sarrafawa na Redshift, ko ta umarnin describe-clusters, za ka ga kalma ɗaya a gaban sunansa. Idan available ce, yana tsaye. Akwai lokacin da za ta koma modifying ko resizing in ana yi masa canji, ko paused in an dakatar da shi, sannan akwai waɗanda ba a son gani kamar storage-full da hardware-failure. Kusa da wannan akwai ma'aunin HealthStatus a CloudWatch, wurin da Amazon ke tara ma'aunai da ƙararrawa. Wannan ma'auni ba ya wuce lamba biyu: 1 ko 0. Duk minti ɗaya gungun yana gwada shiga rumbunsa ya yi wata 'yar ƙaramar tambaya. In ya samu amsa ya rubuta 1, in bai samu ba ya rubuta 0. Na ɗora ƙararrawa a kansa tun ranar farko, kuma har gobe tana nan. Amma amfaninsa bai wuce na sallama a ƙofar gida ba. Ka yi sallama an amsa, ka san da mutane a ciki. Ko an ɗora tukunya, ko yaran sun ci abinci, sallamar ba za ta faɗa maka ba.

Bayan wannan ban ƙara sa wata ƙararrawa ba sai da na zauna na kalli yadda gungun ke rayuwa. Na haɗa allo guda na jera ma'aunai a kai: yawan aikin injin sarrafawa, cikar faifai, adadin waɗanda suka shiga rumbun a lokaci ɗaya, tsawon layin tambayoyin da ke jira, da daɗewar da suke yi a layin. Na bar shi ya ɗauki makonni, har ya haɗa da ƙarshen wata, domin ranar da sashen kuɗi ke rufe littafi ba irin sauran ranaku ba ce. A hankali sai hoton ya fito. Ƙarfe biyun dare lodi ya fara, injina su yi zafi na kusan awa guda. Su lafa. Ƙarfe bakwai zuwa tara na safe jama'a su afko da rahotanni, layin jira ya ɗan yi tsawo ya sauka. Ranar Juma'a da rana wurin shiru. Ranar Litinin da safe kuwa kamar kowa ya tuna da rumbun a minti ɗaya.

A nan muka yi 'yar jayayya da ogana. Ya leƙo allon ya ga layin CPUUtilization, wato yawan aikin injin sarrafawa, ya doshi kashi 100 a lokacin lodi, ya ce a sa ƙararrawa da zarar ya haura 80. Na ce, "Ranka ya daɗe, in muka yi haka kullum sai ta tashe mu ƙarfe biyun dare, kuma ba abin da za mu yi in mun tashi." Rumbun nazari an yi shi ne don ya zuba duk ƙarfinsa a kan babban aiki ya gama da wuri. Injin da ya hau 100 na minti ashirin ya sauko, aikinsa yake yi. Wanda ya hau ya ƙi saukowa awa biyu a lokacin da ba a san shi da aiki ba, shi ne abin tambaya. Haka kuma zafin jagora shi kaɗai, alhali ma'aikata na hutawa, labari ne daban, domin yakan nuna ana yi masa ruwan ƙananan tambayoyi ko ana jan sakamako mai yawa zuwa waje. Muka tsaya a kan cewa ƙararrawar za ta jira sai zafin ya daɗe, kuma da rana za ta yi magana ta imel, ba ta waya ba.

Abin da ya gyara mini tunani gaba ɗaya ya faru ne wata asuba. Ina dawowa daga masallaci manajan sufuri ya kira ni. "Malam, lafiya kuwa? Rahoton nan na jiya ne, kuma yanzu ma ya ƙi buɗewa, sai juyawa yake. Direbobi suna jira." Na ce ya ba ni 'yan mintuna. Na buɗe allo, komai kore shar. Matsayi available, HealthStatus 1 tun dare babu yankewa, faifai yadda na bar shi, layin jira babu kowa. Injin sarrafawa kuwa yana kwance kusan sifili, har da ƙarfe biyun da ya kamata a ga tudun lodi. Rashin wannan tudun shi ne alamar farko. Ta biyu ita ce adadin masu shiga rumbun, wanda ke ta hawa a hankali ba ya sauka.

Na shiga cikin rumbun da kaina. Redshift yana da jadawalai na cikin gida da yake rubuta abin da ke gudana a kansa. Na duba STV_RECENTS, na ga tambayoyi jere an rubuta suna gudana, na farkonsu umarnin TRUNCATE ne na shirin lodinmu, wanda ke share jadawalin kayan shaguna kafin a zuba sabo. Tun ƙarfe biyu yake tsaye. Na duba STV_INFLIGHT, inda ake ganin waɗanda da gaske injina ke aiki a kansu, babu ko ɗaya daga cikinsu. Tambayar da ta bayyana a na farko ba ta bayyana a na biyu ba, yawanci kulle take jira, wato wani ya riƙe jadawalin sai ya saki. Shi ya sa ma layin jira ya nuna babu kowa, domin mai jiran kulle bai ma iso layin ba tukuna. Sai na buɗe SVV_TRANSACTIONS, inda ake ganin wa ke riƙe da kulle, wa ke jira. Ga su nan reras, kowa a gurbin granted an rubuta masa f, wato bai samu ba. Mutum ɗaya ne kawai ke da t, kuma lokacin fara aikinsa 23:40. Agogon rumbun na UTC ne, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, wato ƙarfe ɗaya saura minti ashirin na dare a Kano.

Wani matashi ne a sashen nazari, mai ƙwazo, da ya zauna a gida yana duba wasu alƙaluma. Tambayar karatu kawai ya yi, ya samu amsarsa, ya rufe murfin kwamfutar ya kwanta. Sai dai manhajar da yake amfani da ita an saita ta ba ta rufe aiki da kanta, sai mutum ya danna COMMIT. Aikin ya zauna a buɗe, yana riƙe da ɗan ƙaramin kullen da mai karatu ke riƙewa. Wannan kulle ba ya hana kowa karatu ko rubutu, abu ɗaya yake tarewa: mai son jadawalin gaba ɗaya shi kaɗai, irin su TRUNCATE da DROP da ALTER. Lodi ya zo ya tsaya, duk wanda ya zo bayansa ya tsaya a bayansa. Na ɗauki lambar zamansa na ba pg_terminate_backend, umarnin da ke katse zaman mutum a rumbun, kan ka ce kwabo layin injin sarrafawa ya miƙe, lodi ya wuce, rahoto ya fito, motoci suka tashi a makare.

Da ya zo ofis na nuna masa, ya ce, "Yaya, ni fa tambaya kawai na yi, ban taɓa komai ba." Kuma gaskiya ya faɗa. Ban ga laifinsa ba, domin ba wanda ya taɓa gaya masa cewa karatu ma yana riƙe kulle. Muka gyara saitin manhajar a kwamfutocin sashen duka. Na yi amfani da ALTER USER na sa wa asusun mutane iyakar zaman banza, ta yadda wanda ya bar zama a buɗe ba ya motsi za a rufe shi. Asusun shirye-shiryen lodi ban taɓa su ba. Sannan na rubuta tambayar da ke neman duk aikin da ya daɗe a buɗe, da duk wanda ya daɗe yana jiran kulle, na sa ta gudana a kai a kai.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Kulle hanya ɗaya ce kawai daga hanyoyin da rahoto zai iya tsufa alhali injina na cewa lafiya lau. Fayil zai iya ƙin isowa S3. Shirin da ke kiran lodi zai iya mutuwa. Izinin shiga zai iya ƙarewa. Ba zan iya sa wa kowanne mai gadi ba, kuma ban san waɗanda ban gani ba tukuna. Don haka na juya tambayar. Manajan sufuri bai damu da injin sarrafawa ba, abin da yake so shi ne in ya buɗe rahoto ƙarfe shida ya ga cinikin jiya cikakke. To, shi zan auna. Na rubuta ɗan ƙaramin shiri a Lambda, wurin da Amazon ke gudanar da ƙananan shirye-shirye, wanda ke tashi duk minti goma sha biyar, ya shiga rumbun ta ƙofar shirye-shirye da ake kira Data API, ya tambayi manyan jadawalanmu lokacin sabon layi na ƙarshe da ya shigo, ya lissafa tsufansa da awanni, ya aika lambar zuwa CloudWatch a matsayin ma'auninmu na kanmu. In ƙarfe huɗu na asuba ya yi bayanan jiya ba su shigo ba, wayata ta yi ƙara. Hakan ya ba ni awa biyu kafin direba na farko ya tambaya. A duk ƙararrawar da nake da su, wannan ce na fi yarda da ita, kuma da za a ce in zaɓi ɗaya in zubar da sauran, ita zan riƙe.

Daga baya na ƙara mata ƙanwa, saboda bayanai suna iya shigowa a kan lokaci amma da giɓi. Hajiyar da ke kula da asusu ce ta gano mana wannan, ba na'ura ba. Ta zo da takarda ta ce jimillar wasu garuruwa a rahoto ba ta kai abin da wakilai suka kawo ba. Bambancin ba shi da yawa, amma kullum garuruwa iri ɗaya ne. Na buɗe STL_LOAD_ERRORS, inda Redshift ke rubuta duk layin da umarnin lodi na COPY ya ƙi karɓa, da sunan fayil, da lambar layi, da ginshiƙin da ya jawo, da dalili. Tun kafin in karanta dalilin na ga amsar a jerin sunayen: Ɗambatta, Ƙaraye, Ƙiru. An sabunta manhajar wakilai ta fara rubuta sunayen garuruwa da haruffanmu masu lanƙwasa, abin da ya dace tun farko. Amma a UTF-8, tsarin da kwamfuta ke ajiye haruffa da shi, harafin boko na yau da kullum gurbi ɗaya yake ci, wato bait ɗaya, harafin ƙ ko ɗ ko ɓ kuwa bait biyu yake ci, alamar naira ma uku. Ginshiƙi nau'in CHAR a Redshift ba ya karɓar harafin da ya wuce bait ɗaya sam, shi kuma VARCHAR da bait yake auna tsawonsa, ba da harafi ba. Wani ginshiƙin namu CHAR ne, wani kuma an yanka shi cif-cif. Umarnin lodin yana ɗauke da MAXERROR, wanda ke cewa a tsallake layuka marasa kyau har zuwa wani adadi a ci gaba. Saboda haka kullum lodi yana gamawa da nasara, kullum kuma cinikin waɗannan garuruwa yana faɗuwa a hanya.

Wani ya ba da shawarar a mayar da manhajar ta riƙa rubuta D da K kamar da. Ban yarda ba, kuma na faɗa a fili. Sunan garin mutane ba shi ne ya lalace ba, ginshiƙinmu ne ya yi ƙunci. Muka mayar da su VARCHAR masu faɗi, muka sake loda kwanakin da abin ya shafa daga fayilolin da ke S3. Daga ranar ɗan shirin nan nawa yana ƙirga layukan da aka ƙi karɓa a kowane dare, yana kuma kwatanta yawan layukan da suka shigo da na rana irinta a makon jiya. Talata da Talata, ba Talata da Lahadi ba.

Cikar faifai ita ce ta fi cin lokacina a zamanin dc2, domin a wannan samfurin bayanai da aikin wucin gadi duk faifai ɗaya suke rabawa. Ma'aunin PercentageDiskSpaceUsed na gungu gaba ɗaya yana nuna muna da sarari, amma CloudWatch yana ba da shi inji-inji ma, Compute-0, Compute-1 har zuwa na ƙarshe. Da na raba layukan sai na ga uku suna tafiya tare a ƙasa, ɗaya ya yi sama shi kaɗai ya kusa cika. Inji ɗaya in ya cika, tambaya ta mutu, ko da sauran ukun fanko ne. SVV_TABLE_INFO ya nuna mini dalili. A cikinsa akwai skew_rows, wanda ke kwatanta yankin da ya fi yawan layuka da wanda ya fi ƙaranci. Lamba kusa da 1 tana nufin an raba daidai, daga 4 zuwa sama kuma sai a bincika. Babban jadawalin cinikinmu ya yi nisa da wannan. An raba shi ne bisa lambar wakili, alhali duk cinikin da aka yi kai tsaye a babban sito ba shi da wakili, gurbin babu komai. Duk layukan da gurbinsu ba komai wuri ɗaya suke tafiya. Yanki guda ke ɗauke da kaso mafi tsoka, sauran bakwai su gama su zauna jiransa. Muka canza mabuɗin rabon zuwa lambar rasit, wadda ba ta maimaituwa haka, kuma ita ake haɗa jadawalin da ɗan'uwansa da ita. Faifan ya daidaita, rahotannin safe suka yi sauri ba tare da mun ƙara ko inji ɗaya ba.

A wannan jadawalin dai nake duba unsorted da stats_off duk mako. Na farko yana faɗin kason layukan da ba su jeru ba, na biyu yana faɗin yadda ƙididdigar da jagora ke tsara aiki da ita ta tsufa, 0 sabuwa, 100 ta tsufa tuƙuf. Redshift yana yin VACUUM da ANALYZE, wato jera layuka da sabunta ƙididdigar, da kansa in ya samu sarari, amma jadawalin da ake ta rubutu a kansa yakan sha gabansa. Layin da aka share ma ba ya barin faifai nan take, alama kawai ake sa masa har sai an zo an kwashe.

Akwai kuma tsalle na farat ɗaya, inda faifai zai tashi cikin mintuna. Wannan kusan kullum tambaya ce da aka haɗa jadawalai biyu aka manta sharaɗin haɗin, kowane layi ya auri kowane layi, ƙwaƙwalwa ta cika aikin ya malala kan faifai. Ƙararrawa ba ta isa a nan, kafin in farka ta riga ta cika. Sai na sa doka a tsarin raba aiki na WLM: tambayar mutane da ta zuba abin wucin gadi a faifai fiye da iyakar da na yanka, a tsayar da ita. Na fara da sa dokar ta rubuta kawai ba ta kashewa, na ga su wa za ta kama, na je na same su ɗaya bayan ɗaya, sannan na ba ta wuƙa. Mutum ya fi karɓar doka in an zo teburinsa an yi masa bayani kafin ta cije shi.

Lokacin gyara na mako-mako ban daɗe a kansa ba. Minti talatin ne, da agogon UTC ake rubuta shi, kuma namu ya faɗo kusa da lokacin lodi. Na mayar da shi daren Asabar, na haɗa ƙararrawar lafiya da ma'aunin MaintenanceMode don kada ta tashe ni a kan gyaran da na san da zuwansa. Na kuma yi rajistar sanarwar abubuwan da ke faruwa ga gungun ta SNS, tsarin aika sanarwa na Amazon. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne shiru. Ƙararrawar CloudWatch hali uku gare ta: lafiya, ƙara, ko babu isassun bayanai. In ɗan shirina na Lambda ya mutu, ba zai aiko da lamba mara kyau ba, ba zai aiko da komai ba ne. Don haka a kan ma'aunin tsufan bayanai na zaɓi a ɗauki rashin lamba a matsayin matsala. A kan gungun gwaji kuwa, wanda muke dakatarwa da dare don rage kuɗi, na zaɓi akasin haka.

Ranar Alhamis 14 ga Maris 2024, cikin azumi, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a Najeriya da Ghana da Kodebuwa da wasu ƙasashen. A Landan gungunmu ƙalau yake, babu ma'aunin da ya motsa in ban da masu shiga da suka ragu. A ofishinmu kuwa rahoto ba ya buɗewa, wakilai ba sa iya aiko da ciniki, ni kaina da ƙyar na ga allon. Duk masu gadina suna can gefen teku tare da abin da suke gadi, babu mai kallo daga inda mutanenmu suke. Bayan abin ya lafa na ajiye wata 'yar kwamfuta a ofis, a kan layin da ma'aikata ke amfani da shi, tana gwada isa rumbun ta ƙofarsa ta 5439, tana yin tambaya ƙarama tana auna daɗewar amsa. Ba za ta gyara wayar teku ba. Amma yanzu in aka kira ni aka ce rumbu ya mutu, cikin minti ɗaya zan iya cewa rumbun ne ko hanyar zuwa gare shi, kuma maganin kowanne daban. Muhimman ƙararrawa ma na sa su zo ta saƙon tes, ba imel kaɗai ba. An yi maganar ko mu koma yankin Cape Town da aka buɗe a 2020, amma daga Kano can ma ta teku za a bi, sai muka bar zancen. Abin da muka yi shi ne ajiye kwafin rahoton safe na ƙarshe a ofis, ko ba intanet a san inda aka kwana.

Ƙararrawar da na gada sun fi waɗanda nake da su yanzu yawa nesa ba kusa ba. Na bi su ɗaya-ɗaya da tambaya guda: in wannan ta yi ƙara ƙarfe uku na dare, me wanda ya tashi zai yi da hannunsa? Wadda ba ta da amsa na cire ta ko na mayar da ita allo, a gani da safe. Waɗanda suka rage suna tashin mutum su ne tsufan bayanai, da HealthStatus in ya zauna a 0, da faifan kowane inji in ya kusa cika, da kullen da ya daɗe. Kowacce na rubuta mata 'yar takarda a wurin da kowa zai gani: ga abin da take nufi, ga tambayar da za ka fara yi, kwafa kawai ka liƙa, ga abin da aka yarda ka kashe, ga abin da ba ka taɓawa sai ka kira ni. Na dage a kan takardun nan domin ba na son aikin ya zama sai ni. Matashin nan na sashen nazari yanzu yana cikin masu karɓar dare, kuma shi ya fi kowa saurin gano kulle.

Jadawalan tarihi na STL ba sa riƙe abin da ya wuce mako guda, don haka kullum ina kwashe muhimmansu zuwa S3. Ba don haka ba, in aka ce rahoto ya fi jinkiri yanzu a kan watan jiya, sai dai a yi ta musu da baki. Kwafin ajiya kuma gungun yana ɗauka da kansa duk awa takwas, ko in bayanai sun canza da gigabait 5 a kowane inji, amma in ba a taɓa saitin ba kwana ɗaya kawai yake riƙewa. Na ƙara kwanakin. Lokaci-lokaci ina ɗaukar kwafi ɗaya in tayar da sabon gungu daga gare shi, in ƙirga layukan manyan jadawalai in kwatanta, in duba tsawon lokacin da ya ɗauka, sannan in rushe shi kafin kuɗi ya taru. Kuɗin ma ina sa masa ido kamar faifai, domin da dala ake lissafin, kuma tun da aka saki naira a tsakiyar 2023 awa ɗaya ta inji ba abin wasa ba ce a littafin Hajiya. Ƙarin ƙarfin da Redshift ke arowa in layi ya yi tsawo yana da kyautar awa ɗaya ga kowace awa 24 da gungun ya yi aiki, bayan nan sai biya, shi ya sa na sa masa iyaka da sanarwa.

Daga baya muka koma samfurin RA3, wanda ya fito a ƙarshen 2019, inda ainihin bayanai ke zaune a ma'ajiyar da Amazon ke kulawa, faifan inji kuma ya zama wurin ajiye waɗanda ake yawan taɓawa. Fargabar cikar faifai ta ragu sosai, ko da yake tambayar da ta malala tana iya yin ɓarna har yanzu, don haka dokar WLM tana nan. Duk iyakokin da na yanka a kan dc2 sun daina aiki a sabon gungun: lodi ya gajarta, layin safe ya canza siffa, zafin injin ya koma wani mataki. Na kashe ƙarar waɗanda suka danganci inji, na koma kallon allo har ƙarshen wata ya zagayo, sannan na yanka sababbi. Ma'aunin tsufan bayanai da na ƙirga layuka ban canza musu ko lamba ɗaya ba. Abin da ke gabana yanzu shi ne mayar da tambayoyina daga tsofaffin jadawalan STL da STV zuwa sababbin na SYS, irin su SYS_QUERY_HISTORY, kuma na fara da tambayar lodin dare.